Shafin da Ido Kaɗai Ke Iya Karantawa

Akwai wata al'ada da ta zauna daram a ofisoshinmu, har ta kai ba mai yi mata kallon abin tambaya. Idan hukuma ko makaranta ko kamfani na da sanarwa, sai a buga ta a kwamfuta, a fitar da ita a takarda mai tambarin ofis, shugaba ya rattaba hannu, a doka hatimi, sannan wani ma'aikaci ya ɗauki hoton takardar da wayarsa ya ɗora a shafin intanet. Rubutun da aka haifa a cikin kwamfuta ya zaga ta takarda, ya dawo cikin kwamfuta a matsayin hoto. A wannan zagaye ya sami sa hannu da hatimi, amma ya daina zama rubutu. Idon mutum na ganin haruffa. Na'ura kuwa ɗige-ɗigen launi take gani, kamar yadda za ta ga hoton rago ko na faɗuwar rana.

Na san dalilin yin haka, kuma ba na raina shi. A ƙasar da sanarwar bogi ke riga ta gaskiya zaga WhatsApp, hatimi shi ne shaidar asali. Sai dai duk lokacin da na ci karo da irin wannan shafi, nakan tuna da masu karatun da aka rufe wa ƙofa ba tare da an sani ba. Akwai mai larurar gani, wanda manhaja ke karanta masa abin da ke kan allo da murya. In ta iso wurin sanarwar, abin da za ta ce masa shi ne “hoto”, wataƙila ta ƙara da jerin lambobin da kyamara ta laƙa wa fayil ɗin, daga nan ta wuce. Akwai mai ƙaramar waya, da ke jan hoton da yatsu biyu, hagu da dama, yana neman ranar rufe rajista, bayan ya jira hoton ya gama sauka ya lashe masa data. Akwai kuma wani baƙo da ba mutum ba ne: Googlebot, ɗan aiken da Google ke turawa dare da rana ya bi shafuka ya karanto abin da ke cikinsu, domin a san wanda za a nuna wa mai bincike. Gaskiya ne yanzu na'urori na iya tsinto haruffa daga hoto, amma tsintuwa ce ta sa'a, musamman idan takardar ta karkace, inuwar hannu ta faɗa a kanta, kuma da Hausa aka rubuta.

Abin da na daɗe ina ƙoƙarin fahimtar da masu ba da kwangilar gina shafi shi ne, buƙatar waɗannan baƙin kusan ɗaya ce. Su kuwa sukan ɗauki maganar a matsayin ayyuka daban-daban. Fitowa a Google kasuwanci ne, don haka ana ware masa kuɗi. Sauƙin amfani ado ne, a yi shi in lokaci ya ragu. Kula da masu larura kuwa sadaka ce, a bar ta sai an samu hali. A ganina an kifar da lissafin. Wanda ya gina shafi yadda makaho zai iya bin sa daga sama har ƙasa, ya riga ya yi mafi yawan aikin da yake biyan wasu su yi masa don Google ta gan shi.

Abin da ke ƙarƙashin fenti

Kowane shafin intanet hawa biyu ne. Akwai abin da ido ke gani, wato launi da girman haruffa da inda aka ajiye kowane abu. A ƙarƙashinsa akwai tsarin da ake rubutawa da HTML, inda kowane yanki ke ɗauke da sunan aikinsa: wannan babban kanu ne, wannan ƙaramin kanu, wannan sakin layi, wannan jeri, wannan maɓalli, wannan mahaɗi zuwa wani shafi. Mai gina shafi na iya ɗaukar layin rubutu ya ƙara masa girma da kauri ba tare da ya sanya masa alamar kanu ba. A ido ba a ganin bambanci, shi ya sa mai kwangila zai duba ya ce madalla ya biya. Amma a hawan ƙasa babu kanu a wurin, kamar ƙofar da aka zana da fenti a jikin bango.

Manhajar karanta allo a hawan ƙasa take rayuwa. Irinta da yawa: JAWS, wadda ta fito wa Windows a 1995 kuma tana da tsada, NVDA, wadda Michael Curran ya fara a 2006 tare da James Teh, makafi biyu 'yan Ostareliya, suka kuma bar ta kyauta, VoiceOver, da ta shigo iPhone a 2009, da TalkBack da ke cikin wayoyin Android, wato tana cikin aljihun yawancinmu ko da ba mu taɓa kunna ta ba. Wanda bai taɓa ganin gwani na amfani da su ba yakan zaci mutum na zama ne ya saurari shafi tun daga kalmar farko har ta ƙarshe. Ba haka ake yi ba. A NVDA ko JAWS, danna harafin H na tsallakar da kai daga kanu zuwa kanu, don haka cikin daƙiƙoƙi kaɗan mutum ya ji fasalin shafin, ya zaɓi inda zai sauka. Yana kuma iya kiran jerin dukkan mahaɗan da ke shafin, a karanto masa su kaɗai. To, a nan ne ake jin kunya. Shafin da ya cika da “danna nan” da “ƙarin bayani” zai karanto masa “danna nan, danna nan, danna nan” sau ashirin, ba tare da ya san wanne ne na fom, wanne ne na jadawalin kuɗi ba.

Masu ido ma haka suke karatu, sai dai ba su lura. A 1997 Jakob Nielsen da John Morkes suka binciki yadda mutane ke karanta shafukan intanet, suka tarar kashi 79 cikin 100 na waɗanda suka gwada ba sa bin rubutu kalma bayan kalma, ido kawai suke watsawa suna neman kanu da kalmar da ta shafe su. Shi ma Google tun asali da rubutun mahaɗi ya ginu. A takardar da Sergey Brin da Larry Page suka gabatar a 1998, ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce ɗaukar kalmomin da aka rubuta a kan mahaɗi a matsayin bayanin shafin da mahaɗin ke nunawa. Idan ka rubuta “jadawalin kuɗin makaranta na bana” a kan mahaɗinka, ka yi wa makaho jagora, ka sauƙaƙa wa mai gaggawa, ka kuma gaya wa injin bincike abin da ke bayan ƙofar. “Danna nan” ba ta gaya wa kowa komai ba.

Maganin sanarwa mai hatimi ma daga nan yake, kuma bai fi minti biyar ba. Ai rubutun na nan a kwamfutar sakatare. A kwafe shi a zuba a shafi a matsayin rubutu, da kanu da kwanan wata, sannan a liƙa hoton takardar a ƙasa domin mai neman shaida. Gwamnatin Birtaniya, wadda ta haɗe shafukanta a GOV.UK tun 2012, ta daɗe tana umartar ma'aikatanta da su fifita wallafa bayanai a HTML maimakon PDF, saboda irin waɗannan dalilai.

Mutumin da ya so sanin wa ya ci

Wannan magana ta girmi yawancin shafukanmu. A 1999, ana shirin wasannin Olamfik na Sydney, wani makaho ɗan Ostareliya mai suna Bruce Maguire ya kai ƙarar kwamitin shirya wasannin gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar. Kokensa bai da sarƙaƙiya: hotunan shafin wasannin ba su da bayani a rubuce, kuma jadawalin sakamako an tsara shi yadda na'urarsa ba za ta iya bi ba. Yana son ya san wanda ya ci kamar kowa, ba tare da ya jira wani ya karanta masa ba. Kwamitin ya kare kansa da cewa gyaran zai ci kuɗi da lokacin da ba shi da su. A watan Agusta na 2000 hukumar ta ƙi amincewa da wannan uzuri, ta ce an nuna masa bambanci, ta ba da umarnin gyara. Da ba a cika umarnin ba, aka yanke a biya shi diyyar dalar Ostareliya 20,000. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da abin da aka kashe a wasannin, amma hukuncin ya kafa abin da daga baya ya zama ruwan dare: shafin intanet wurin hidima ne kamar kanti ko ofis, kuma hana mutum shigarsa hana shi hidima ne.

A Amurka, ƙungiyar makafi ta ƙasa ta kai kamfanin Target ƙara a 2006, aka sasanta a 2008 kan dala miliyan 6. Kamfanin Domino's ya ja da wani makaho da ya kasa sayen abinci ta shafinsa, har ya nemi Kotun Ƙoli ta shiga maganar, ita kuwa ta ƙi sauraron ƙarar a Oktoban 2019. Tarayyar Turai ta yi dokar da ta fara aiki a ranar 28 ga Yuni 2025, wadda ta wajabta wa bankuna da shagunan intanet da wasunsu sauƙaƙa hidimarsu ga masu larura. A Najeriya an sanya hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci a Janairun 2019, da wa'adin shekara biyar na gyara gine-ginen jama'a. Hirar da ake yi a kanta ta fi karkata ga matakala da gangaren keken guragu, alhali hidimomin da a da ake hawa matakala a nema, yau da yawansu sun koma fom a waya.

Ƙa'idojin ma ba sabbi ba ne. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ta fitar da jagorar da ake kira WCAG a 1999, ta sabunta ta a 2008 da 2018 da 2023. Duk da haka, cibiyar WebAIM da ke Jami'ar Jihar Utah, wadda tun 2019 take auna shafukan farko na gidajen intanet miliyan ɗaya mafi shahara, kowace shekara tana samun kurakurai a fiye da kashi 90 cikin 100. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar kurakuran. Wanda ke kan gaba shi ne rubutu mai dishi-dishi, wato launin haruffa ya yi kusa da launin bango. Daga shi sai hotuna marasa bayani, akwatunan fom marasa suna, mahaɗai da maɓallan da ba a rubuta musu komai ba. Babu ko ɗaya a ciki da ke buƙatar injiniya mai digiri uku.

Batun dishi-dishi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne inda kalmar “masu larura” ke faɗaɗa har ta haɗa da mu duka. Masu zane na son toka-toka mai haske a kan fari, wai ya fi tsabta. WCAG ta sanya ma'auni: bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. An sanya shi ne domin masu raunin gani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 na da matsalar gani ta kusa ko ta nesa. Amma wanda ya taɓa tsayawa a tasha da rana tsaka a watan Afrilu yana ƙoƙarin karanta lambar asusu a allon waya, ya san cewa a wannan sa'ar shi ma mai raunin gani ne. Haka wanda ya haura arba'in ya fara nisanta waya da fuskarsa, yana cewa ba komai, gajiya ce.

Inda Google da makaho suka rabu

Kada in yi zuzutawa. Cewa buƙatunsu kusan ɗaya ne bai zama ɗaya ba, kuma a wannan ɗan gibin ake tafka ɓarna.

Ɗauki bayanin hoto. A HTML kowane hoto na da gurbin da ake kira alt, inda ake rubuta abin da hoton ke faɗa domin wanda ba zai gan shi ba. Rubuta shi fasaha ce ƙarama mai daɗi. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce: da ina karanta wa wani wannan shafi ta waya, me zan ce in na iso nan? Idan hoton zanen farashin masara ne, ba zan ce “zane” ba, zan ce farashin ya hau daga wata kaza zuwa wata kaza, in faɗi adadin. Idan hoton ado ne kawai, wata fulawa a gefen shafi, ba zan ce komai ba, kuma haka ya dace a bar gurbin fanko domin manhaja ta tsallake shi. Amma da masu tallata shafuka suka gane cewa Google na karanta wannan gurbi, sai suka mai da shi rumbun kalmomi. Za ka tarar an rubuta “atamfa Kano atamfa mai rahusa sayi atamfa atamfa mai kyau Kano”, a kan kowane hoto. Mai ido ba ya ganin wannan shirme. Makaho ne ake karanta wa shi, hoto bayan hoto, kamar ɗan talla ya bi shi har cikin ɗaki.

Ita kanta Google ta daɗe da gajiya da irin wannan wayo. A 2009 ta fito fili ta ce ba ta amfani da gurbin kalmomin ɓoye da masu shafuka ke cikawa. A 2011 da 2012 ta sauya lissafinta, sauye-sauyen da aka sani da Panda da Penguin, domin karya shafukan da ba su da abin kirki sai maimaita kalmomi da sayen mahaɗai. Duk da haka har gobe akwai masu karɓar kuɗi da alkawarin sanya ka a sahun farko cikin mako biyu. Na fi amincewa da wanda zai ce maka: ba kowane shafi suna na kansa, mai faɗin abin da ke ciki, maimakon shafuka arba'in duk sunansu “Barka da zuwa”; rubuta amsar tambayar da mutane ke yi da kalmomin da suke yi da su; kada ka bar mahaɗan da suka mutu. Shawara ce mara armashi, shi ya sa ba ta da kasuwa.

Babban gibin kuwa shi ne, Googlebot karatu kawai yake yi. Ba ya neman aiki, ba ya biyan kuɗin makaranta. Shafi na iya zama na ɗaya a sakamakon bincike alhali makaho ba zai iya cike fom ɗinsa ba. Akwatin da ba a haɗa shi da sunansa ba, manhaja za ta ce “wurin rubutu” ta yi shiru, mutum bai san ko sunansa ake so ko ranar haihuwa ba. Kuskuren da aka nuna da jan launi kaɗai, ba tare da kalma ba, bai isa ga makaho ba, bai kuma isa ga mai matsalar bambance ja da kore ba. Maɓallin da sai da linzamin kwamfuta ake iya kai masa ya fi ƙarfin mai rawar hannu ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa. A ƙarshe kuma ga jarrabawar nan ta “tabbatar kai mutum ne”, inda ake cewa ka zaɓi hotunan da ke da babur. Abin da ke biyo baya mun san shi: mutum ya nemi ɗan rakiya zuwa shagon intanet, ya karanto wa baƙo lambar NIN ɗinsa da ta BVN da kalmar sirrinsa da ƙarfi, a gaban layi. Mutumin da ya yi digiri, yake iya sarrafa kwamfuta fiye da mai shagon, an mai da shi mai neman taimako saboda wani ya manta layi ɗaya na HTML. Wannan ita ce asarar da ba ta bayyana a kowane rahoton ziyara.

Fom ɗinmu na da wasu cututtukan da suka shafi kowa. Akwai wanda ke ƙin karɓar suna mai alhamza, don haka Sa'adatu da Mu'azu da Isma'ila sai sun ɓata sunansu kafin a bar su su wuce, daga baya kuma a ce sunan bai dace da na takardar shaida ba. Akwai wanda ke neman lambar waya bai faɗi ko da sifili za a fara ko da 234 ba, sai ka gama cike komai ya goge maka duka. Akwai wanda ke yanke maka lokaci kana tsakiyar jiran saƙon lambar tabbatarwa. An kwafo su ne daga wata ƙasa, ba a zauna da mai suna irin namu an gwada ba.

Harshe da nauyi

Shafin Hausa na da nasa ƙarin aiki. A saman kowane shafi akwai alamar da ke faɗin harshensa, ta Hausa ita ce ha. Yawancin samfuran da ake saukowa da su sun zo da alamar Ingilishi, ba wanda ya sauya. Google ta ce ba ta dogara da wannan alama wajen gane harshe, daga rubutun take ganewa, don haka mai neman matsayi a bincike ba ruwansa da ita. Manhajar karanta allo kuwa da ita take sanin harshen da ke gabanta, haka ma burauza kafin ta yi tayin fassara.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Kafin Unicode ta kankama, masu buga Hausa na amfani da wasu nau'o'in haruffa na musamman da ke ɓoye ƙ da ɗ da ɓ a gurbin wasu alamomi, shi ya sa tsofaffin fayiloli kan rikiɗe su koma tarkace in an buɗe su a wata kwamfuta. Wasu suka koma rubuta k' da d' ko 'd, wasu suka zubar da lanƙwasar baki ɗaya, har ƙafa da kafa suka zama abu ɗaya, ɓata da bata ma haka. Yau babu uzuri. Haruffan suna cikin Unicode, kuma iyalan haruffa irin su Noto da Charis da Andika na ɗauke da su kyauta. Sai dai a duba, domin da yawa daga cikin haruffan ado da masu zane ke so ba su da su, sai ka ga ƙ ta fito da wani fasali daban a tsakiyar kalma, ko ta zama ɗan akwati. Ra'ayina shi ne a rubuta Hausa daidai a jikin shafi, amma a tausaya wa mai bincike: yawancin mutane ba sa sanya lanƙwasa in suna bugawa a waya, don haka akwatin binciken da ke cikin shafinka ya kamata ya ɗauki k da ƙ a matsayin 'yan gida ɗaya, haka 'y ta Najeriya da ƴ ta Nijar. A adireshin shafi kuwa gara a bar haruffa marasa lanƙwasa, domin ƙ ɗaya kan rikiɗe ta zama %C6%99 in an kwafi adireshin an tura wa wani.

Nauyi shi ne ɗayan. Matsakaicin shafi a duniya yau ya haura megabait 2, kuma hotuna da JavaScript ne ke ɗaukar mafi yawa. Mai gina shafi na gwada aikinsa a babbar kwamfuta, a ofis mai intanet mai ƙarfi, ya nuna wa shugaba a nan, kowa ya yaba. Mai ziyara kuwa yana kan waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, da sandar sabis ɗaya ko biyu. Google ta koma auna shafuka da fuskarsu ta waya maimakon ta kwamfuta, sauyin da ta sanar a 2016 ta kuma ɗauki shekaru tana kammalawa. A 2020 ta fitar da ma'aunan da a ciki take cewa babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma shafin ya daina zillo yana sauka, wato irin yadda kana shirin taɓa maɓalli sai talla ta faɗo ta ture shi, yatsanka ya sauka a wani wuri.

In ka tambayi me ke cinye waɗannan daƙiƙoƙi a shafukan hukumominmu, sau da yawa amsar tana kallonka: jerin manyan hotuna masu juyawa a saman shafi, shugaba na yanka kirtani, shugaba na karɓar lambar yabo, shugaba na gaisawa da wanda ya fi shi. A ƙasa jawabin maraba, sai manufa da hangen nesa. Wanda ya shigo kuwa abu huɗu ko biyar yake nema: ina ofis yake, ƙarfe nawa ake buɗewa, nawa ake biya, yaushe za a rufe, wa zan kira. An gina shafin ne domin idon wanda zai sa hannu a biya kuɗin kwangila, kuma shi bai taɓa neman lambar wayar ofishinsa a intanet ba.

Kasuwa ta lura da cewa mutane na son gajeriyar hanya, sai aka fito da wasu manhajoji da ake liƙawa a kusurwar shafi, wai layi ɗaya zai gyara komai da ƙirƙirarriyar basira. Makafi da dama sun koka cewa suna ƙara musu wahala, domin suna karo da manhajar da suka saba da ita. A Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sanar da cewa kamfanin accessiBe zai biya dala miliyan 1 kan iƙirarin da ya yi game da abin da manhajarsa ke iya yi. Hatta kayan awo na gaskiya, irin Lighthouse da ke cikin Chrome, wani ɓangare kawai suke kamawa. Za su gaya maka hoto ba shi da bayani, amma ba za su gaya maka bayanin da aka sa shirme ne ba.

Shi ya sa gwajin da nake ba da shawara ba ya buƙatar sayen komai. Cire linzami, ka bi shafin da maɓallin Tab kaɗai, ka ga ko kana sanin inda kake, ko za ka iya cike fom har ka tura. Ƙara girman rubutu ninki biyu, ka ga ko ya hau kan juna. Ari wayar mai gadi ka buɗe shafin a bakin ƙofa da rana. Nielsen ya nuna tun 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da mafi yawan matsalolin amfani, don haka a nemo biyar, a ba kowa aiki guda, misali ya nemo kuɗin rajista, sannan a kama baki a kalla. A cikinsu a sa wanda da manhajar karanta allo yake rayuwa, a kuma biya shi kamar yadda ake biyan kowane ƙwararre, domin abin da zai gano cikin minti goma mai ido ba zai gano shi a mako ba.

In kuma kana son ɗanɗana da kanka, TalkBack na cikin saitin wayarka, a sashen sauƙaƙa amfani. Ka dai san ƙa'idarta kafin ka kunna, domin da yawa sun rikice sun nufi wajen mai gyara: taɓawa ɗaya zaɓe ce kawai, a karanta maka abin da ka taɓa, sai ka taɓa sau biyu abu ke buɗewa, jan shafi sama ko ƙasa kuma da yatsu biyu ake yi. Daga nan ka buɗe shafin ofishinku, ka kifa idonka, ka nemi ranar rufe rajista.